Layin Baba Tela

"Miƙo min almakashina," in ji Baba Tela.

"Baba, ba a yanka shi da almakashi."

"Shekara arba'in ina yanka. Kai me ka taɓa yankawa ban da farce?"

Yana kishingiɗe a katifa, an tokare masa baya da filo biyu. Sabuwar wayar na kan cinyarsa. Layin tsohuwar wayarsa kuma yana tafin hannuna, irin babban nan na da. Ramin sabuwar ko rabinsa ba zai ɗauka ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da asibiti suka sallame shi, suka ce a kai shi gida ya huta, kowa ya gane. Shi ma ya gane. Abu ɗaya ya rage masa: Auta, 'yarsa tilo da aure ya kai wata ƙasa, ta haihu wata uku ke nan, bai ga jaririn ba. Wayarsa murya kawai take kawowa. Tawa ma haka.

Da safe ya aike ni kasuwa. Mai shago ya so ya haɗa ni da tsarin kamfani, a ba ka waya da sabon layi, kana biya duk wata har shekara biyu. Na kira Baba Tela na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Shekara biyu? Ka ce masa ina sauri. Kuɗi hannu, waya hannu. Kuma layina ba na sake shi, shi Auta ta sani."

Haka na biya, na ɗauko waya zalla. Ban tambayi girman layi ba. Ni da aka aika don na yi boko.

Inna, matarsa, ta kawo almakashin tana ƙunƙuni. "Malam, hannunka rawa yake."

"Hannun ne ke rawa, ido bai yi ba."

Ya gwada layin a bakin ramin, ya ja masa zane da alli kamar wuyan riga. Gefen farko ya fita sumul. Na biyu ma. A na uku tari ya taso masa. Na ji ƙas.

Bakin almakashin ya shiga cikin ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare.

Na sa shi a wayar duk da haka. Ta ce babu layi. Na cire, na hura, na goge a riga, na mayar. Babu layi. Na mayar da shi tsohuwar, ita ma ta ƙi shi.

"Lambar Auta fa?" Inna ta tambaya.

"A kan layin take."

"To ai ita za ta kira."

"Ta kira wa, Inna?"

Baba Tela ya ajiye almakashin a hankali, ya juya fuska bango.

Na hau mashin zuwa ofishin kamfanin. Na bi jerin gwano awa guda. Matar da ke tebur ta ce ana iya dawo da layin, amma sai mai shi ya zo da kansa, ya dangwala yatsa.

"Ba ya iya tashi."

"To in ya ji sauƙi."

Na juya na fito.

Da na dawo numfashinsa ya sauya, yana ja kamar ana zuge tsohon zif. Inna ta zazzage jakunkuna, ta birkice ƙarƙashin gado. Ita ba ta karatu, duk takardar da ta gani sai ta miƙo min. Rasit ɗin wuta. Katin asibiti.

Ya motsa baki. Na kai kunne.

"Littafin awo," ya ce. "Shafinta."

Na fasa kwaɗon shagon ɗinkinsa da dutse don ba a ga makulli ba. Littafin na cikin aljihun keken ɗinki. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗinki yana da shafi. Na Auta ya faro tun daga rigar makaranta, awo a kan awo, yana soke na bara yana rubuta na bana. A can ƙasa, bayan tsawon hannu, ga lamba.

Na ruga wurin mai gyaran waya a bakin titi, na miƙa masa nawa layin. Ya sa shi a wani ɗan abu kamar maƙata, ya matsa sau ɗaya, layin ya fito a yanke daidai ramin sabuwar wayar. Shi ke nan. Taku hamsin daga ƙofar Baba Tela.

"Lafiya kake huci?" ya ce.

"Sa min abin kiran bidiyo. Yi sauri."

Na koma ɗakinsa na kira Auta, sau biyu tana katsewa, baƙuwar lamba ce. A na uku fuskarta ta fito.

"Wa ke...? Baba! Baba, kai ne? Ya ka rame haka?"

"Wayar ce," ya ce. "Sabuwa ce, ba ta saba da ni ba. Ina mutumin?"

Ta ɗago jaririn. Na riƙe masa wayar daf da fuska. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga yatsa ya taɓa gilashin.

"Wa ya ɗinka masa wannan? Kafaɗa ta yi yawa."

Auta ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Inna ta fita tsakar gida.

Bai kai faɗuwar rana ba.

Bayan kwana uku Inna ta miƙo min wayar ta kan katanga, ta ce in sa mata caji. Na zauna a bakin gadona ina jira wayar ta kawo wuta. Taga a buɗe take, labule yana ɗagawa yana komawa. A gidansu wani yana share tsakar gida, a hankali, daga wannan bango zuwa wancan.