Sandunan Mashigin Jan Gaɓa

Wanda ya tsaya a bakin kwarin Jan Gaɓa, yamma da Gidan Sori, zai ga cikin ƙasa kamar an yanka ta da wuƙa. Sama farin rairayi ne, ƙarƙashinsa jar marmara, can ƙasa kuma baƙar laka wadda ba ta riƙe ƙafar kowa. Ruwan damina ya yi ta cin wurin shekara da shekaru har gaɓar ta fi raƙumi da mahayinsa tsayi. Wuri ɗaya ne marmarar ta ƙi ciwuwa. Wani shimfiɗaɗɗen fa ne da ya ratsa kwarin a karkace, faɗinsa bai fi na amalanke ba sai kaɗan. A kansa raƙuman kanwa suka bi, a kansa motocin gyaɗa suka bi zamanin Nasara, a kansa amalanke da moto, wato babur, suke bi yau. Gada kuwa, kowane zaɓe ana gina ta da baki.

Idan ruwa ya kawo, fan ba ya ganuwa. Shi ya sa tun kakanni ake kafa sanduna gefe da gefe, mai wucewa ya bi tsakaninsu. Ba a taɓa sandunan mashigi. Ko ɓarawon itace yana barinsu.

Bana samarin garin bakin kwarin, masu ɗaukar moto a kafaɗa su ƙetarar, suka ga aiki ya yi ƙasa, don 'yan kabu-kabu sun ƙware, suna bin sanduna su wuce ba ko sannu. Sai shugabansu Ɗantala ya sa aka gusar da sandunan zuwa gangare, inda fa ya ƙare laka ta fara. Moto ya nutse, wani ya nutse, aiki ya dawo. Mai gari ya sani. Liman ya sani. Matan da ke wanki a bakin ruwa sun sani. Kowa ya ce yara na neman abinci, ya kama bakinsa, in zai ƙetare ya ratse ta hagun sanduna.

Ran kasuwa da hantsi Lurwanu ya iso daga ƙauyensu na ƙetare da amalanke cike da itace. San da ke jan ta shi ne duk abin da gidansa ke da shi. Matarsa Zinariya ta rene shi tun yana maraƙi, da dusa da harawa, shi ke huɗa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai kaya kasuwa. Uwar Lurwanu ƙanwar uban Ɗantala ce, don haka taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da wasa ba.

Ɗantala yana cikin ruwa har cinya. Ya ɗaga murya ya ce, "A'a, bawana ne da sansa! Sauke itacen nan mu ɗauke maka a kai, kada ka jiƙa mini dukiya."

Lurwanu ya yi dariya ya ce, "Ubangijin da ke dako? Ku dai ji da masu moto. Ni tun ina goye nake bin sandunan nan."

"Ruwa ya yi ƙarfi yau, ɗan mace."

"Ƙarfin yunwarka dai. Matsa, kada sa ya take ka a ce na kashe ubangijina."

A bakin gaɓa akwai baƙi biyu da motocinsu, suna ta ciniki da samari, suna kallo. In Ɗantala ya ce wa taubashinsa ya bi ta hagu, baƙin za su ji, kuma kafin azahar duk tashar kabu-kabu ta ji. Ya dubi baƙin, ya dubi samarinsa, ya matsa gefe.

San ya shiga ruwa a natse. Da ya kai tsakiya ya tsaya, ya ja da baya, don ƙafarsa ta ji bakin fa. Lurwanu ya duba, ya ga yana daidai tsakanin sanduna. Ya tsula masa bulala ya ce, "Yau kuma lalaci?" San ya yi gaba. Ƙafarsa ta dama ta zurma, amalanke ta kife masa da itacen duka, aka ji ƙarar ƙashi har bakin gaɓa.

Samari suka ruga, suka kwance shi, suka jawo shi kan rairayi. Ƙashin ya huda fata, hancinsa na fitar da ruwa. Mutanen da suka yi shiru duk damina yanzu kowa na da murya.

"Wuƙa! A kawo wuƙa kada ya yi mushe!"

Lurwanu ya rungume wuyan san yana cewa a dakata, a kira mai ɗori. Alhassan, ƙanen mai gari, ya dafa shi ya ce, "Haƙuri, ɗana. Sa ba ya ɗoruwa. Abin da Allah ya rubuta ke nan." Ɗantala ne ya danne kan, ya juya shi gabas. Kafin la'asar an yi watanda a gindin gaɓa, a farashin da mahauta suka ga dama, gidan mai gari aka aika da hanta.

Wata tsohuwa mai wanki ce ta kasa daurewa. Ta ce masa a hankali, "Ɗan nan, ai fan yana hagu. An gusar da sandunan tun farkon ruwa."

Lurwanu ya daɗe yana kallon sandunan. Bai je meri, ofishin magajin gari, ba, bai je wurin jandarma ba. Wa zai yi masa shaida a kan ɗan kawunsa? Ya koma gida da igiya a hannu, Zinariya ta gan shi daga bakin danga, ta ajiye kwanon dusar da ta jiƙa, ta shige ɗaki.

Gero bai nuna ba, rumbu babu komai. Da kasuwa ta zagayo, Lurwanu ya zo bakin kwari ya tuɓe riga. Ɗantala bai iya dubansa ba, ya dai ce wa samari, "Ku ba shi gefen gaba, yana da ƙarfi." Lurwanu ya sa kafaɗa ƙarƙashin moton wani baƙo, suka ɗaga.