Santsin Roba

Kofin shayi ne ya fara fitowa ta ƙofa, ya fashe a gaban takalmina, sannan ihun aminiyata Berniece ya biyo baya.

"Loretta! Zo ki riƙe min shi, zai kashe kansa!"

Na tarar da mijinta, Orval Stoltz, tsaye a falo daga shi sai singileti, ya naɗe robar fitsarinsa a hannu yana ja. Shekararsa tamanin da ɗaya, amma hannun da ya yi shekara sittin yana kokawa da shanu bai san tsufa ba. Leɓen Berniece ya fashe, jini har wuyan rigarta.

"Wane shege ne ya bar bututun nan a jikin saniya?" yake ta faɗa. "Madarar ta lalace! Ku dube ta!"

Ledar fitsarin yake nuna mana. Abin da ke ciki ya yi kauri, ya yi duhu, ga wari.

Taurin kansa ne ya kawo mu nan, kuma ko a gaban kabarinsa zan faɗa. Da fitsarinsa ya toshe bara, nas ta kawo masa kwalin sabbin robobi masu laushin baki, an shafe su da wani abu mai yin santsi idan ya taɓa ruwa, don kada su goge nama. Kowace a yi amfani da ita sau ɗaya, a yar. Orval ya murza ɗaya a yatsunsa, ya yamutse fuska.

"Yauƙi!" ya ce. "Bututun tatsa in yana yauƙi, ƙazami ne. Ko yaron goye a jihar nan ta Wisconsin ya san wannan."

Sai ya kwashe su zuwa tsohon ɗakin tatsa, ya dirje su da buroshi da ruwan wankin injin madara har santsin ya fita tas, ya rataye a ƙusa. Guda biyu ya yi ta juyawa wata huɗu. Ya sha zafi, ya ga jini, ya yi gum. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, nas ta sa masa mai zama a jiki, wadda ake cika 'yar balan-balan ɗinta da ruwa a cikin mafitsara don kada ta zame. Amma cuta ta riga ta yi gida. Abu ɗaya ya roƙi Berniece, ta kuma yi masa alkawari: a gidan nan aka haife shi, a nan zai mutu.

Na rungumo shi ta baya. Jikinsa zafi kamar murhu. Ya kai min gwiwar hannu a hanci, na ji ƙas, na ɗanɗani jinina. Muka faɗa kan tebur, ƙafar teburin ta karye. Shekara talatin na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta, na raba faɗa ba adadi, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Orval, Loretta ce! Saki, don Allah!"

"Ɓarauniya!" ya ce, ya fizga da dukkan ƙarfinsa.

Robar ta fito da balan-balan ɗinta a cike. Ƙarar da ya yi ba ta mutum ba ce. Jini ya biyo cinyoyinsa ya malale a kan darduma, Orval ya zube yana karkarwa.

Na rarumi waya. Berniece ta cafke wuyan hannuna.

"Ajiye ta."

"Jini yake zubarwa, Berniece!"

"In suka ga bakina ba za su dawo min da shi ba. Na yi masa alkawari."

"Ki bar shi ya mutu a haka, kamar abin yanka?"

"Mijina ne ko naki?"

Ta gantsara min cizo. Ni kuwa na hankaɗe ta, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, aminiyata, kanta ya bugu da bango. Tana zaune a ƙasa tana kallona na kira motar asibiti.

Da ma'aikatan suka zo ya naushi ɗaya, suka ɗaure hannayensa a jikin gadon ɗauka. A bakin ƙofa iska mai sanyi ta buge shi, hankalinsa ya ɗan dawo. Ya dubi rufin gidansa, ya dubi matarsa.

"Bernie, ina za su kai ni?"

Ta goge bakinta da bayan hannu.

"Tambayi Loretta."

Kwana huɗu ya yi a hawa na uku na asibiti, tagar ɗakin na kallon wurin ajiye motoci, cutar ta shiga jini. Ranar Talata da hantsi ya cika, hannayensa a ɗaure. Har yau ina cewa daidai na yi, kuma har yau abin yana cina.

A coci, ranar jana'iza, Berniece ta gaisa da kowa, ta tsallake ni. Washegari na dafa taliya da cuku, na kai mata gida, na ƙwanƙwasa, shiru, na ajiye a kan matakala.

Yau kwana uku tukunyar tana nan. Dusar ƙanƙara ta rufe murfin, sawun mutum ɗaya ya zagaye ta zuwa akwatin wasiƙa, ya dawo.