Ƙurjin da Gashin Baki Ya Rufe

Ni tela ce, kuma leɓena na sama ne ke fara sanin aiki ya sha kaina. Daidai inda nake maƙale allura, nan yake soma ƙaiƙayi da ɗan zugi, kashegari ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe, su yi ɓawo. Shekara da shekaru Innarmu tana cewa zazzaɓi ne ke fita, a shafa man goge baki a ƙyale shi. Sai da wata likita ta zaunar da ni ta ce ƙwayar cuta ce kwance a jiki, ba ta tafiya, gajiya ko zafin rana ke tashin ta. Ta rubuta mini magani, ta ce in fara sha tun daga ƙaiƙayin. Ta kuma ja mini kunne kada bakina ya kusanci sabon jariri kafin ƙurjin ya warke, don abin da ke ɓata wa babba kwalliya yana iya kashe jariri.

Ranar da matar Autanmu ta haihu, da ƙurjin na tashi. Na je da 'yan rigunan da na ɗinka, na tsaya bakin ƙofa.

"Shigo ki ɗauki 'yarki mana," in ji Inna.

"Sai bakina ya warke, Inna. Abin nan ana ɗauka."

Gwaggonmu ta taɓe baki, ta ce da ta kusa da ita, yadda zan ji, "Wadda ba ta haihu ba ai sai a hankali."

Daga inda nake na ga Auta yana sumbatar jaririyar, ido, kumatu, har baki. Na kuma ga yana ta danna ƙasan gashin bakinsa da bayan yatsa.

"Auta, mene ne a leɓenka?"

"Reza ce ta yanke ni, Yaya."

Mutumin da rabon reza da leɓensa tun yana makaranta! Na buɗe baki, Inna ta ce in na ƙi ɗaukar yarinya, to in bar ubanta ya ji daɗin abarsa.

Ba a daɗe ba yarinya ta ƙi nono, jiki ya yi zafi, ƙuraje suka fito mata gefen ido. A asibiti likitan yara ya tambaya ko akwai mai ƙurjin leɓe a gidan. Duk idanu suka juyo kaina, har na iyayen mai jego.

"Ko yatsanta ban taɓa ba," na ce.

"Rigunan fa?" in ji Inna. "Ba da baki kike riƙe allura ba?"

Likitan ya ce da wuya ta wannan hanyar ce, sumba ta fi kawo shi. Ba wanda ya saurare shi, an riga an samu mai laifi. Na dubi Auta, ina jira. Yana tsaye ya zuba wa robar ƙarin ruwa ido, tafin hannunsa a kan baki. Ni na goya yaron nan. Da na yi magana a gaban surukansa, da aurensa ya girgiza, shi ya sa na bar masa ya faɗa da kansa. Bai faɗa ba.

Yarinya ta rayu, bayan makonni ana ɗura mata magani ta jijiya. Aka zubar da rigunan. Ba wanda ya ce kada in zo gidan, sai dai in na shiga, a ɗauke yarinyar a yi ɗaki da ita. Na daina zuwa, kuma har yau ban san nauyinta a hannuna ba.

Jiya Auta ya shigo shago, ya jira mai karɓar ɗinki ta fita.

"Yaya, ƙaiƙayin nan da kike faɗa, ya fara mini tun safe. Yaya sunan maganin?"

Na faɗa masa, na ce ya wuce wurin likita yanzu, kuma ya kawar da bakinsa daga yarinyar. Don ita na faɗa, ba don shi ba.

"Don Allah kada Inna ta ji." Ya miƙo mini waya. "Kin ga ta fara rarrafe. Kowa cewa yake da ke take kama."

Na kalli hoton har fuskar wayar ta mutu. Sannan na ɗauki allura na mayar bakina, na taka keken ɗinki.