Awa Biyu Zuwa Akra

Shekarar da Gana ta samu 'yanci, surukin Hawawu mai waina ya aiko mata da tikitin jirgin sama daga Akra, ta je ta ga jika. Kwesi akawu, maƙwabcinta a unguwar Choggu, shi ya karanta mata takardar da Hausarsa ta kasuwa.

"Mma, mil ɗari biyu da saba'in ne ta sama. Awa biyu, ka sauka. Ƙarfe goma ya tashi, ba ya jira mutum."

Hawawu ta yi dariya har da tafi. Ita za a koya wa hanyar Akra? Kwana uku ne cur a lori, har da zaman jiran jirgin fito a bakin kogi a Yeji.

"Kai Kwesi, ka taɓa ganin motar da ta tashi ba ta cika ba?"

Damuwarta daban ce. Ba a doguwar tafiya sai an nemi gafarar 'yan'uwa, balle wadda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Shekara huɗu ke nan ƙanenta Masahudu direba bai ce mata ko ci kanki ba, tun ranar da ya iso kwana biyu bayan an binne mahaifiyarsu. Ita kuwa, da yake bakinta ba linzami, ta ce masa a gaban jama'a lori ce uwarsa.

Ranar tafiya ta ɗora ƙunshinta a ka, maimakon filin jirgi sai ta miƙe unguwar Kalpohin. Ta iske Masahudu kwance ƙarƙashin lori, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta yi sallama, ƙafafun ba su amsa ba. Ta sauke kaya ta zauna. Taurin kai dai gadon gidansu ne.

"Masahudu, sama zan shiga. Idan na faɗo, ban so in faɗo da haƙƙinka."

Ya ci gaba da aikinsa da sifana. Suna nan a haka wani ruri ya cika unguwa, kaji suka watse. Hawawu ta ɗaga kai ta ga jirginta ya miƙe kudu, bai ko tambayi wa ya rage ba.

Sai ga Masahudu ya jawo jiki ya fito, ya bi jirgin da kallo har ya ɓace.

"Awa nawa aka ce, Yaya?"

"Wai biyu."

"Ni kwana biyu na yi a bakin ruwan Yeji ina roƙon a ƙetarar da ni. Ina sane da ciwon mahaifiyarmu. Ba ki tambaye ni ba."

Kunya ta rufe Hawawu, ta ja mayafi ta fashe da kuka.

Ya goge hannu da tsumma, ya ɗauki ƙunshinta ya jefa a gaban lori.

"Shiga, ni zan kai ki. Maganar da ke bakina ba ta awa biyu ba ce."