Ta Ƙarshe Daga Mirkanda

Fatna ta shekara da shekaru tana tura keken guragu na Bibi Zaitun, wata tsohuwa 'yar Indiya da ke zaune ita kaɗai a unguwar Al-Sih, a birnin Manzo. Garinsu Mirkanda, in ji Bibi, a da masaƙa da marina ne suka cika shi, har kogi yakan koma shuɗi. Sai kogin ya sauya hanya, annoba ta biyo baya, rabuwar ƙasar Indiya ta kwashe saura. Ranar da ta baro shi, birai ne ke kwana a masallatai.

Bibi ta yi alwashin yi wa kowane mamacin unguwarsu Umra kafin ta cika. Duk wata sai miƙatin Bi'ir Ali, ta ɗaura niyya da sunan mamaci guda, su kama hanyar Makka a motar hayar Hafizu, yayan Fatna.

"Ke da takardar jinya kin ƙare a turin keke," in ji Hafizu. "Gari guda za ta gama? Khalas, ya isa haka, ki sallame ta."

"Yaya, tuƙi aka ce ka yi."

Ya yi tsaki. Shi dai abin da ya sani, kowace tafiya motar ƙara nauyi take, ko da fasinja ba su ƙaru ba.

Bayan Hajjin 2003 Bibi ta kwanta. Ta riƙe hannun Fatna, ta ce da guntun Larabcinta, "Na gama su. Saura ni. Babu wanda ya rage ya kira sunana."

Aka binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Sati na zagayowa Fatna ta ɗaura niyya a Bi'ir Ali bayan Azahar, da sunan Zaitun 'yar Mirkanda. Ta shiga gaba ta zauna, Hafizu yana waje yana kiran fasinja.

Wani dattijo mai harami ya leƙo ta ƙofa. Ya yi sallama, ya ɗan saurara kamar wanda aka amsa wa, ya ja da baya.

"Ai motar ta cika, ɗana," ya ce da Hafizu.

Fatna ta waiga. Kujeru ne kawai, sai warin shuni da jiƙaƙƙen zare.

Hafizu ya shigo da makulli a hannunsa. "Fatna, mu koma gida."

"Na riga na yi niyya. Ja mu tafi."

Ta ɗaga murya da Labbaika. Amsar da ta taso daga baya ba ta mutum ɗaya ba ce.