Tulun Uwata da Kwalba Biyu

Ranar Alhamis tuluna ya tsage, saura kwana uku a yi gasar waƙa ta Zumuntar Mata a cocinmu na Sabon Gari. Tulun kiɗa ne na uwata, shekara ashirin ina buga shi, kuma duk Zariya ban ji mai muryarsa ba. Na gwada shi, ya ce "fak" kamar tsohuwar garwa. Na zauna na sha kukana.

Da yamma 'yata Hephzibah, mai karatun sinadarai a Samaru, ta zo da kwalba biyu na wani gam, wai shi efoksi. Ta kankare bakin tsagar, ta goge ƙura, ta auna ruwan kowace kwalba daidai da na ɗayar a cikin kofi.

Mijina Othniel, mai gyaran jikin mota, ba ya iya ganin aiki ya yi shiru. Ya ɗauki kwalba ta biyu.

"Ƙara wannan, zai fi saurin bushewa. Haka muke yi a gareji."

"Baba, wannan ba bushewa yake yi ba," in ji ta. "Haɗuwa suke yi. Kowace ƙwaya ta nan sai ta kama ta can, su sarƙe su zama abu ɗaya. In ka ƙara, ragowar ba su da abin kamawa, sai ya zauna da danƙo."

Mutumin da ban taɓa ganin an yi wa gyara ba ya ajiye kwalbar, ya koma gefe yana sosa ƙeya.

Da ta gauraya, kofin ya fara ɗumi a hannuna. Na ce ya lalace.

"A'a Mama, ya kama aiki ke nan."

Ta cusa gam ɗin cikin tsagar da tsinken tsintsiya, ta ce kada kowa ya taɓa sai Lahadi. Kwana biyu ina zagaya tulun, hannuna na ƙaiƙayi. A wurin gwaji jarka na buga, mata suna ta dariya.

Ran Lahadi coci ya cika. Shugabarmu Chinwe ta ɗaga hannu, na buga sau ɗaya kamar yadda aka tsara. Muryar ta fito da zurfinta, har na ji ta a cikina. Ƙirjina ya cika da alfahari.

Ya kamata in jira mata su ɗauki baiti. Ban jira ba. Chinwe ta harare ni, na sake bugawa da ƙarfi, don Hephzibah ta ji daga bencin baya.