Abin da Baba Mai Igiya Ya Bari a Ƙarƙashin Gado

"Ja mana, Tela! Hannun naki kamar na mai jin yunwa."

Ta ƙara jan bakin igiyar, kanta a sunkuye. Baba Mai Igiya yana jingine da matasai biyu, yatsunsa na rawa, amma bai fasa saƙar ba. Zare huɗu ne, biyu baƙaƙe biyu korra, yana sarƙa su ɗaya bisa ɗaya. Da can a ƙarfen taga yake ɗaure bakin. Tun da ciwo ya kwantar da shi sai ya koma aika mata ta zo ta riƙe.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Baba da ɗakin da Tela take ɗinki. Shi tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kuma tun da ya bar aiki ba shi da abin sha'awa sai saƙa igiyar rataya bindiga. Ba ya sayarwa. In ya gama ɗaya, Tela ta ɗinke masa fatar bakin, sai ya rufe ƙofa ya gwada ta shi kaɗai, sannan ya kyautar wa wani tsohon abokin aiki.

Matarsa, Mama, ta shigo da kofin ruwa ta dire.

"Mutum ko cokali ba ya iya riƙewa, amma yana fama da igiya."

"Tsohuwa, cokali ai aikinki ne."

"To, tunda bakin yana aiki, gaya mini. Abin nan na ƙarƙashin gado, ya za mu yi da shi? Ina takardarsa?"

"Kar ki taɓa."

"Shekara ashirin kana ce mini kar in taɓa!"

"Kuma kin ga kin yi tsawon rai."

Dariya ta taso masa, tari ya tare ta. Tela ta saci kallon ƙarƙashin gadon. Wani dogon ƙunshi ne a naɗe cikin tsohon bargo, an ɗaure shi a wuri uku. Ta janye ƙafafunta a hankali.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya cika. Mama ta ce ya sha ruwa, ya ce a gyara masa matashi, kafin ta juyo ya tafi. Ba ihu, ba wahala. Wata huɗu yana jinya, har maƙwabta suka riƙa cewa Allah ya hutar da shi.

Maza na fita da shi Mama ta kamo hannun Tela ta ja ta ɗaki, ta saka sakata.

"'Yata, ke kaɗai zan iya gaya wa. Na birkice akwatinsa kaf, babu takardar bindigar nan. Jikoki shida suna hanya, kin san su, ba ramin da ba sa shiga. In ta tashi da wani fa? In kuma hukuma ta ji, ni za a tasa gaba da tsufana."

"Mama, ko mu jira maza su dawo?"

"Maza? Kafin yamma duk unguwa ta ji. Ke dai ki naɗe ta cikin yadi kamar kayan ɗinki, ki fita da ita."

Tela ta ja da baya. Ita da ko gaisuwa sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta buɗe baki, yau ita za ta ratsa layi da bindiga a hammata? Amma ta dubi idon tsohuwar, ta kasa cewa a'a.

Ta durƙusa. Ƙura ta yi kauri a gefen ƙunshin, don tsintsiyar Mama ba ta taɓa matsawa kusa ba.

"A hankali! Ina ne bakin?"

"Ban sani ba, Mama."

"To juya shi wajen bango."

"Bayan bangon nan ɗakina ne."

"To wajen taga!"

"Mata na zaune a wajen."

Suka tsaya cirko-cirko, ƙunshin a hannun Tela kamar jaririn da ba a san uwarsa ba. Daga baya ta ɗora shi a kan katifa. Yadin da Mama ta miƙo mata bai isa ya rufe shi ba, dole sai an cire bargon. Mama ta koma bayan ƙofa ta toshe kunnuwa, bakinta na motsi da addu'a.

Ƙullin farko ya kwance, na biyu ma haka. Na uku sai da Tela ta sa haƙori. Ta buɗe bargon da yatsu biyu, ta tsaya tana kallo.

"Mama."

"Ta tashi?"

"Mama, katako ne."

Katako ne kuwa, an sassaƙa shi da siffar bindiga, ya yi santsi saboda shafar hannu. An kafa masa zobba biyu na ƙarfe inda ake maƙala igiya, jikinsa duk zanen fensir na awo. Ba kunama, ba rami, ba komai.

Mama ta matso ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Ta sake ƙwanƙwasawa. Sai ta zauna daɓas a bakin gado.

"Kai, Malam! Kai, Malam, Allah ya jiƙanka, amma ka iya mugunta."

"Me ya sa zai ɓoye katako, Mama?"

Tsohuwar ta dafe baki.

"Ni ce. Shekarar da ya bar aiki ya sassaƙa wani irinsa, ya jingine a tsakar gida. Itace ya yanke mini ranar, na ɗauka na sa a murhu. Kwana uku bai yi mini magana ba. Rana ta huɗu ya shigo da wannan a naɗe, ya ce in na kuskura na taɓa, ba ruwansa."

Dariya ta ƙwace wa Tela, ta yi saurin rufe fuska da mayafi. Mama ma ta fashe, tana yi tana dukan cinya, har dariyar ta juye kuka. Tela ta zauna kusa da ita ta riƙe mata kafaɗa.

A waje aka ji tsayuwar mota, sai hayaniyar yara da ƙarar takalma a zaure.

"Buɗe musu," in ji Mama, tana share ido. "Bar su su shigo."

Tela ta zare sakata. Da ta waiwayo, tsohuwar ta ɗora katakon a kan cinya, ta kama bakin zanenta tana goge masa ƙura a hankali, daga wannan kai zuwa wancan.